Bargon Kawu Tanimu

Wanda duk ya zauna London a shekarun nan da kuɗin mai ya fashe a gida, in bai san Kawu Tanimu ba, to ya san bargonsa. Ku ai ba sai na kwatanta muku ba. Ƙaton mutum, ga tsawo ga ƙiba, kwat da taye, sannan a kafaɗa wani ɗan bargon ulu mai ratsin ja da fari da baƙi, wanda ko rabin bayansa ba ya rufewa. Haka yake hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, daga unguwarsu Barking, Turawa na leƙensa ta saman jarida. In ka ce, "Kawu, wannan ai ya yi maka kaɗan," sai ya harare ka.

"Wa ya ce maka nawa ne? Na yaro ne. Ɗumama masa nake yi."

"Wane yaro?"

"Yana hanya."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a flat ɗinsu na sauka da na zo karatun nas. Shi da Anti Rabi sun daɗe da aure a lokacin, Allah bai ba su haihuwa ba. Kwas gwamnati ta turo shi. Abokansa kowa na loda talabijin da kafet da mota a jirgin ruwa, shi kuwa ya shiga wani shagon tsofaffin kaya ya fito da wannan ɗan ƙyalle yana washe baki. Mai shagon ya gaya masa saƙar matan Nabaho ce, can Amurka. Su kiwata tumaki, su kaɗa ulun da hannu, su saƙa wa 'ya'yansu daidai jikinsu. Shi ke nan fa, Kawu ya zama lauyan Nabaho!

Wata rana ana cin tuwo, amininsa Alhaji Garba na Tottenham ya ce, "Au, Indiyawan nan na fim ɗin kaboyi?"

Kawu ya tsame hannu daga kwano. "Nabaho! Suna da suna."

"Ka taɓa ganin ko ɗayansu?"

"Ban taɓa ba. Amma matar da ta zauna ta saƙa wa ɗanta wannan, 'yar uwata ce. Kai me ka taɓa saƙawa in ba mugun zare ba?"

Akwai wata 'yar tsaga a tsakiyar bargon. Anti Rabi, baiwar Allah, ta ɗauka yagewa ce, ta sa allura ta ɗinke ta tsaf don ta faranta masa. Wayyo! Ya dawo ya gani, ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa. Wai masu saƙar da gangan suke barin ta. Ya zauna da reza yana warware ɗinkin yana mita. Anti ta ce, "To amfanin me rami yake a bargo?"

"Rabi, ke ma da ramuka biyu a hancinki. Na taɓa ɗinke miki?"

Sai batun firiji. Ranar da aka kawo shi, ƙato, fari fat, Anti har guɗa ta yi. Ashe wani ne ya gaya wa Kawu cewa asu na cin ulu, kuma sanyi ke kashe shi. Zafi na shigowa sai ga Kawu ya kwashe naman miya ya jera a taga, ya ninke bargo ya sa a ciki.

"Malam, naman fa?"

"Nama ga shi nan a kowane lungu na Barking. Nabaho a ina za ki samo min?"

Amma wanda har yau nake dariyarsa ina jin ciwo shi ne na ranar suna a gidan Alhaji Garba. Tsakiyar sanyi ne, hita ta mutu, jariri na ta tsala kuka. Wata dattijuwa ta miƙa hannu za ta zare bargon daga kafaɗar Kawu. Ya goce! Ya tuɓe kwat ya miƙa mata, ya tuɓe suwaita ya ƙara, ya zauna daga shi sai singileti da ɗan bargonsa, haƙora na kaɗawa.

Na ce, "Haba Kawu, ka ba da kwat ka hana bargo?"

"Kwat nawa ne, Dije. Wannan ajiya ce. Ba na kyauta da kayan mutane."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Anti Rabi ba ta yi ba. Ta tashi ta shige kicin, na bi ta na tarar tana wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Sannan Allah Ya yi ikonsa, Anti ta samu ciki. Kai, jama'a! Kawu ya hana kowa sakat. Ya hana ta hawa bene, ya hana ta ɗaga buta, har direban bas ya yi wa faɗa don ya taka burki da ƙarfi. Sai dai yaron bai jira lokacinsa ba. A asibitin Camberwell aka haife shi, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba. Kawu ya iso da bargo a hannu, babbar nas ta tare shi ta ce ba a shiga da kayan waje. Suka yi ta bugawa da Turanci, ina tsakiya ina ba da haƙuri ta kowane ɓangare. Da ta gaji, ta yarda a shimfiɗa shi a saman kwalbar. Kawu ya ja da baya ya ƙare masa kallo.

"Kin gani, Dije? Ya ishe shi, har da saura. Zai girma a ciki."

Bai girma ba. Ko ranar suna bai kai ba.

A maƙabarta Kawu ya so a sa bargon a kabari, wai ƙasar nan akwai sanyi. Liman ya ce masa a hankali, likkafani kawai ake sawa. Maza suka sunkuyar da kai suna jiran rigima, don kun san Kawu bai taɓa barin musu ya wuce shi ba. Sai kawai ya ce, "To, Malam." Alhaji Garba ne ya ba ni labari, ya ce wannan "to" ɗin ta fi kukan kowa tayar masa da hankali.

Daga ranar ba a sake ganin bargon a kafaɗarsa ba. Kwas ya ƙare, gwamnati ta kira shi gida, abokansa suka koma suka zama manya a ma'aikatu. Shi ya ƙi tafiya. Ya ajiye aikin, ya kama rarraba wasiƙu a gidan waya. 'Yan uwa suka yi lallashi, suka yi fushi, a banza. Na ce, "Kawu, me kake tsarewa a garin nan?"

"In na tafi wa zan bar wa yaron? Bai san kowa a ƙasar nan ba."

Da na haifi ɗana na fari, mata suka yi ta raɗa, wai yau dai Kawu zai saki bargo. Sai ga shi da wani shawul na kanti, ko ledar bai cire ba. Ya karɓi jaririn ya daɗe yana kallonsa, ya ce hancin na gidanmu ne, Allah Ya ba shi haƙurin ɗauka. Ya miƙo min shi ya fita, bai ko taɓa abinci ba.

Anti Rabi ta riga shi tafiya. Ya rayu shi kaɗai a flat ɗin nan, duk Juma'a in an sauko masallaci ya hau bas zuwa maƙabarta, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, har ƙafa ta gaza. Yanzu su ukun suna wuri ɗaya.

Allah Ya jiƙan Kawu Tanimu, Ya gafarta masa, Ya jiƙan Anti Rabi. Allah Ya sa ɗan nan nasu ya tare su a ƙofar Aljanna, ya riƙe hannunsu ya shiga da su. Amin.