Watan da Yaya Habu Bai Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, malamin makaranta a Rano, kuma har yau in azumi ya kai ashirin da tara sai gabana ya faɗi.

Yaya yana da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, shi ya sa da aka kafa kwamitin duban wata a farkon shekarun Shari'a aka sa shi, ni ma na shiga albarkacinsa. Amma shi ƙasa yake fara dubawa kafin sama. Da sassafe zai shafa ciyawa ya ji raɓa, da la'asar ya tsaya kallon hayaƙin girki: in ya miƙe, madalla, in ya kwanta a kan gidaje, to yamma za ta yi dishi-dishi. Hawa dutse kuwa, ko kusa. Cewa yake dutse yini yake shan rana, da magariba ya amayar da zafin, komai ya riƙa rawa a madubin. A gonarmu ta Zurgu yake kafa shi, muna ta yi masa dariya.

Wata shekara, a duban watan Sallah, muka rinjaye shi, wai tudu ya fi kusa da sama. Muka hau dutse. Na leƙa, na hango wani siririn abu yana rawa, na yi kabbara. Yaya ya leƙa, ya daɗe.

"Ni dai ban gani ba," ya ce. "Sale, ka tabbata?"

Ga jama'a sun zuba min ido, ga daɗin a ce ni ne na gani. Na ce na tabbata. Aka kai shaidata gaba, shi kuma aka ce idonsa ya tsufa, aka cire shi daga kwamitin. Bai taɓa tayar min da maganar ba. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Yau 'ya'yansa kan duba waya su ce gobe akwai hadari. Na san da yana raye abin zai burge shi, amma sai ya tambaye su ko wayar ta san matan Zurgu sun hura wuta.

Madubin ya lalace tuni. Abin da ya saura shi ne mutumin da ya iya cewa bai gani ba, a gaban taron da ke ɗokin Sallah. Na yi ta cewa gobe zan gaya masa ban tabbata ba, har muka kai shi makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara ina rama azumin ranar nan. Nawa ke nan. Na mutanen da suka sha ruwa a kan maganata, ban san yadda zan rama musu ba.