Telan da Ya Koma Auna Masu Damuwa

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka babu wanda ya san iyakar wayonsa kamar ita. Auta take kiransa har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ita ta kai shi koyon ɗinki. Shekara bakwai ya yi a kan keke, bai taɓa ɗinka wandon da ƙafafunsa biyu suka zo daidai ba. In mai kaya ya dawo da ƙorafi, sai Auta ya zagaya shi yana ƙare masa kallo, ya ce ai jikin ne a karkace.

Da masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, sai ya sayar da keken, ya share wata biyu yana kallon bidiyon masu maganin gargajiya a waya, ya sake wa shagon fenti. A kantar da yake ajiye zare ya jera kwalabe: na'ana'a, citta, kirfa, hulba, kanumfari, da wasu saiwoyi da shi kansa sai ya sansana yake tuna sunansu. Dama kafin ya rabu da keken ya ɗinka wa kansa farar riga irin ta asibiti, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Tef ɗin awo kuwa yana nan rataye a wuyansa. Ya ce a riƙa kiransa Likita.

Iliminsa gaba ɗaya bai fi a faɗe shi kafin shayi ya huce ba. Wai damuwa ba iri ɗaya take kama mutane ba, kowa da yanayin jikinsa: akwai masu zafin jiki, akwai masu sanyin jiki, akwai masu busasshen jiki. Mai zafi na'ana'a, mai sanyi citta da kirfa, busasshe hulba. Mutum zai zauna, Auta ya sa ya fiddo harshe, ya kama wuyan hannunsa ya lumshe ido, ya auna kaurin wuyansa da tef, sannan ya yanke hukunci. Abu ɗaya ne ba ya yi: tambayar mutum abin da ke damunsa. A gaban idon yayarsa, wani direba da aka sallama daga aiki ya fara ba da labarinsa, Auta ya ɗaga masa hannu ya ce ya huta, jikinsa ya riga ya faɗi komai.

Ita ba ta raina ganye ba. Ta san tsoffin masu magani da ke zama da mutum su saurare shi kafin su miƙa hannu cikin buhu. Abin da ke ƙona mata rai shi ne yadda ƙanin nata ke gyara zaman tabarau, shi da idonsa garau.

Matar Auta a gidan wanki da guga take aiki, tsaye tun safe har la'asar. In ta dawo ga girki, ga yara huɗu, sannan ga turmi, don ita ke daka saiwoyin, ta tankaɗe, ta ƙulla a leda. Wata ranar Asabar yayar ta leƙa gidan, ta same ta zaune a ƙasa kusa da turmin, taɓarya a gefe. Idanu sun zurma, leɓe ya yi fari. Matar ta ce wata uku ke nan barci ba ya ɗaukarta, zuciyarta kullum dukan uku-uku take yi.

"Shi likitan gidan me ya ce?"

"Da farko ya ce zafi ne, Yaya. Da bai yi ba ya ce ashe sanyi ne ya ɓuya a bayan zafin. Yanzu kuma wai na bushe."

Yayar ta ɗaga ta daga ƙasa. Ta shiga ɗaki ta haɗa mata kaya a jaka, ta tare mota. A asibiti aka auna ta, aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, ga gajiya ta yi mata katutu. Aka ba ta magani, aka ce ta huta kwana goma. Yayar ta wuce da ita gidanta, ta shimfiɗa mata katifa, ta kashe wayar matar ta jefa a durowa. Kwana biyun farko baiwar Allah ba ta yi komai ba sai ci da barci.

Rana ta huɗu sai ga Auta, farar rigar duk jirwayen miya, ƙaramar 'yarsa a kafaɗa tana tsala kuka. Kansa kamar zai tsage, in ji shi, ga ƙirjinsa na bugawa, ga garin magani ya ƙare a shago, masu damuwa na can suna jira. Ya zo ne a ba shi matarsa.

Yayar ta karɓi yarinyar, ta bar shi tsaye a bakin ƙofa.

"To kai wane iri ne, Auta? Zafi ko sanyi? Ka jiƙa naka ka sha mana."

Ya gyara tabarau, ya ce nasa jikin na daban ne, ya haɗa duka ukun, sai an yi dogon nazari. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce ya je ya yi nazarin, akwai sauran kwana shida.

Matar ta koma gida da ƙarfinta, ta kuma ce ita da turmi har abada. Auta ya bi unguwa yana shelar cewa haɗinsa na ƙarshe ne ya yi aiki, dama shi a hankali yake ratsa jiki. Da ya gwada dakan da kansa ya ji a kafaɗarsa, sai ya koma sayen ganyen shayi na kanti yana farke takardun yana juyewa a kwalabe. Shagon yana nan, kuma mutane ba su daina zuwa ba. Kwanan baya ma ya ƙaro kashi na huɗu, masu taurin jiki, waɗanda magani ba ya kama su saboda gardama. Ya aika wa yayar cewa ita ce ta farko a ciki. Tana tsintar shinkafa saƙon ya same ta, ta yi tsaki ta ci gaba da aikinta.