Guɗar da Ƙwaya Ta Yi Mini

Guɗa gadon gidanmu ce. Inna ce mai rangaɗa ta a duk bikin ƙauyenmu, can bayan Kafur, kuma da ta rasu sai aikin ya dawo kaina. Sai dai ni da ciwon fuka aka haife ni. Da an fara tsinkar auduga, ƙirjina sai ya kulle ya riƙa kuka kamar kyanwa. To, a kakar da ƙanena zai yi aure, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ko sallama ba na iya kaiwa ƙarshe. Har an fara zancen a ɗauko mai guɗa daga wani gida. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mijina ya goya ni a keke zuwa asibitin Malumfashi. Malamin asibiti ya ba ni 'yan ƙwayoyi farare, ya ce, "Za su buɗe miki hanyar numfashi, amma zuciya za ta yi gudu, hannu ya yi rawa. Ɗaya tak za ki sha, kada ki ƙara."

Da hantsin ranar kai amarya na haɗiye ɗaya. Kafin a sauke tuwo sai na ji iska ta shiga har ƙasan ƙirjina, inda ta daɗe ba ta leƙa ba. Sai kuma zuciya ta kama dukan uku-uku. Na ɗauki ƙwaryar fura, rabi ya ƙare a zanen gwaggo. Na kasa zama, na kasa yin shiru, abin da bai kai a yi dariya ba sai na tuntsire. Wata tsohuwar Bamagujiya maƙwabciyarmu ta dafa ƙirjina, ta ce, "'Yar nan, iskoki ne suka hau ki, a kira mai garaya."

Na ce, "Iya, na asibiti ne, ba sa son kiɗa."

Da amarya ta iso ƙofar gida, na kama hanci da hannun nan mai karkarwa, na saki guɗa. Rawar hannun ta shiga cikin muryar tana kaɗa ta, numfashi kuma ya ƙi ƙarewa, har ni kaina na tsorata. Mata suka yi ta shewa.

Baba ya fito daga zaure ba ko takalmi, yana waige-waige cikin mata. Da ya ga ni ce, sai ya goge ido da hannun riga, ya ce, "Na zaci uwarki ce."