Ƙafafun Motar Kallamu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Inugu bayan yaƙin basasa ya san Kallamu direba. Wanda bai san fuskarsa ba, ya san tarin da motarsa ke yi. Tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, tana ɗauko albasa daga Arewa zuwa kasuwar Ogbete. Da ita ya kwashe maƙwabtansa lokacin gudu, da ita kuma ya dawo da su da aka zauna lafiya. Saboda haka ko ƙusa ba ya yarda a canja mata.

Ƙafafunta irin na da ne, rim ɗinsu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai zobe ne. Ana sa taya da tiyub, sannan a kafa wani zoben ƙarfe a baki ya riƙe su. In zoben bai zauna daidai ba aka buga iska, yana iya tashi ya tafi da kan mutum.

Mai yi masa faci shi ne Mark, mutumin Kafanchan, amininsa tun suna samari. Kallamu kuwa yana da wata ɗabi'a. Da zarar Mark ya kama famfo, sai ya tuna bai gaisa da mai goron tsallaken titi ba. Daga can yake ɗaga murya, "Ƙara kaɗan, Markus! Ina yi maka addu'a!"

"Matso nan ka yi ta mana, Baban Ramlatu," in ji Mark. "Ko daga nesa ta fi karɓuwa?"

Wata Talata da hantsi zoben ya tashi. Ya wuce ta gefen kunnen Mark, ya huda kwanon rumfa, ya sauka bayan masu doya. Ba wanda ya ji ciwo, amma Mark ya daɗe zaune a ƙasa yana shafa kansa. Da ya miƙe ya ce, "'Ya'yana suna firamare, Kallamu. Ko ka canja ƙafafun nan, ko ka canja mai faci."

Kallamu ya yi fushi, ya zagaya masu faci har Anacha. Duk wanda ya ga tsatsar zobunan sai ya ce famfonsa ya lalace. Ya koma gida yana mita, matarsa Zuliha ta ce, "Malam, motar nan ta ceci mutane da yawa. Kada ka bari ta rufe da kashe abokinka."

Lokacin arzikin mai ne, sababbin manyan motoci sun cika Fatakwal. Can ya tafi neman rim na zamani, ƙarfe guda marar zobe. Don kada a ba shi wanda ramukan ƙusarsa ba su dace da motar ba, ya tafi da tsohuwar ƙafa guda, ya yi ta gangara ta rumfa-rumfa a unguwar Diobu yana gwadawa, har ya dace, ya sayo su haɗe da tayoyinsu.

Mark ya ɗaura su yana fito. Sai da ya gama ya lura sababbin tayoyin ba su da tiyub.

"To, ni yanzu me zan riƙa yi wa faci?"

"Ka ce kana son ranka," in ji Kallamu, "ba ka ce kana son ciniki ba."

Tsofaffin ƙafafun kuwa Zuliha ta karɓe, ta yi murhu da su. Kallamu yakan tsaya a kanta tana tuwo, yana roƙonta ta rage musu wuta.