Kawu Bakri da Ciyawar Jami'a

Kawuna Bakri manomin dabino ne a Ƙuba da ke Madina, a gonar da kakansa ya fara aiki bayan ya zo Hajji a ƙafa daga Damagaram. Shekara arba'in yana hawa, yana datsa, yana ban ruwa. Ƙwallo kuwa bai taɓa kallo ba. In 'ya'yansa suka kunna talabijin, sai ya ce, "Ƙarti ashirin da biyu sun rasa aikin yi," ya fita abinsa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: ciyawa. Matarsa, Inna Larai, ta roƙe shi ɗan wuri kore a tsakar gida saboda jikoki. Sau huɗu yana shukawa, sau huɗu zafin Madina yana ƙone ta. Inna ba ta raga masa. "Manomi guda, abincin akuya ya fi ƙarfinka!"

Wata rana Mu'azzam, ɗalibi Bakano mai sayen dabino a wurinsa, ya nuna masa hoton babban filin wasan jami'arsu. Kore shar, a tsakiyar zafi. Kawu ya ce, "Yalla, mu je, ka kai ni in ga sirrinsu."

Ranar Alhamis bayan la'asar muka je. Kujeru hawa-hawa cike da ɗalibai, ana ihu da Larabci da Hausa da harsunan da ban sani ba. An ci ƙwallo uku, Kawu bai ga ko ɗaya ba, yana ta leƙen inda bututun ruwa yake. Da aka tashi ya sauka da leda zai ɗebi ƙasa. Ya tsuguna ya ja ciyawar, ta ƙi fita. Ya sunsuna. Ya ɗan ciza.

Mai kula da filin, Abdulfattah, haihuwar Aƙiƙ a nan Madina, ya ƙaraso, yana ce masa ammi, wato baffa da Larabci. "Ya ammi, lafiya?"

"Sau nawa kuke ba ta ruwa, ɗana?"

"Ruwa? Wallahi roba ce, ammi. Share ta muke yi."

Kawu ya zauna daɓas a kai, ya yi ta dariya har da hawaye. "Jami'a guda da daktocinta sun sallama! Ashe ba laifina ba ne."

A gida ya ba Inna labari da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Ta saurara har ƙarshe.

"To, madalla. Gobe ka sayo min irin tasu."

"Ni? Roba a gidan manomi?"

Kwana biyu yana gunaguni, a na uku ya sayo. Shi ya shimfiɗa da hannunsa, ya daidaita gefen da almakashi. Yanzu a kai yake shan shayi. In baƙo ya yaba, Kawu yakan gyara zama ya ce, "Ai sai da kulawa."