Silika daga Buntun Dugabau

Shekarar da irin waken Baba ya yi funfuna a Madadi, ni na buɗe baki na ce ina da magani. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo, na kuma san 'yan ƙwayoyin nan da ake sakawa a kwalin takalmi don su shanye danshi. Silika ce, cike take da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Na ce masa da buntun shinkafa zan yi ta.

"Buntu?" in ji Baba. "To, Allah ya taimaka."

Kawuna mai injin casar shinkafa a Dugabau ya ba ni buhu biyu. A takarda aikin ba wuya: a ƙona buntu ya zama farar toka, a dafa tokar da sodar sabulu, a tace, a riƙa ɗiga asid har ruwan ya kafe kamar kwantaccen koko, a wanke, a busar.

Tokar farko baƙa ƙirin ta fito, sai da na kai buntun wajen masu gasa tukwane sannan na samu fara. Ruwan farko kuwa ya ƙi kafewa. Kwana uku ina leƙa kofin, yana nan tsululu. Na biyu hannuna ya zarce da asid, ya tsinke kamar lalatacciyar madara.

Na uku ya kafe. Na daɗe ina girgiza kofin ina kallon yadda yake rawa. Ɗoki ya sa ban wanke shi sosai ba, na shanya a rana. Da la'asar na tarar ya tsuke, ya farfashe, ya yi tauri kamar tsakuwa. Na auna, na ajiye shi a gindin randa inda ke da danshi, washegari na sake aunawa. Bai sha komai ba, ramukan sun toshe.

Na huɗu na sa a na'urar busarwa ta makaranta. Sau biyu aka ɗauke wuta, danshin damina ya koma ciki. Ranar har biro na karya.

Duk Juma'ar da na je gida, bayan mun gaisa, sai Baba ya ce, "Malam, ina maganin?" Ba da zolaya yake tambaya ba, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai.

Sai bayan kaka na samu wanda ya yi, cikin tafin hannu ɗaya. Na kai masa a kwalba. Ashe ya riga ya cuɗa wakensa da toka, ya toshe a jarka.

Ya ɗaga kwalbar ya duba. "Duk buhu biyun ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya sa mini albarka, ya jefa ta cikin akwatin da yake ajiye takardun gona. Na hau babur na koma Gwarzo, ko abincin Inna ban tsaya na ci ba.