Cakulan na Huɗu

Ranar da har yau ba ta fita raina ba a wannan aiki namu, wata Asabar ce cikin damina, a shekarun da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo nan Abuja. Ku yaran yanzu kun tarar da gari a shirye, kuna tafe kuna latsa waya. Mu a lokacin, in ka leƙa ta tagar otal ɗinmu, jar ƙasa za ka gani da katafila da gine-ginen da ba a rufa ba. Ofisoshin jakadanci suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu a ɗakunanmu suka fara zama kafin su samu muhalli. Ni Ishaku, daga wani ƙauye a bayan Gwagwalada na fito. Da wankin kwanuka na fara, na zama weta, har na kai kaftin. Ga wanda bai san aikin ba, kaftin shi ne shugaban wetoci a zauren cin abinci. Manaja na samansa, amma duk abin da ya hau tebur ko ya sauka daga tebur, a wuyan kaftin yake.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Malam Habu, shugaban ɗakin wanki da guga. Bazazzagi ne, amma daga Legas kamfanin ya taso da shi, ya kama haya a Zuba ya ajiye iyalinsa da tsohuwarsa, don a cikin gari ba mai ba wa ƙaramin ma'aikaci ɗaki. Shi yake jan sallah a inuwar da ke bayan ɗakin janareto. Tun da ya shiga aikin otal yake kaffa-kaffa da abu ɗaya: giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, ko katan ɗinta ba ya ɗauka. Ya ce shi ya sa ya zaɓi wanki, ya bar wa wasu zaure da kyautar baƙi. Ni Kirista ne, ina kurɓa daidai gwargwado, bai kuma taɓa yi mini wa'azi a kai ba. Sai dai ya tsokane ni ya ce, "Ɗan masu gari, yau ma idonka ja ne."

Muna da al'ada a lokacin. In an tashi daga liyafa, abincin da ba a taɓa ba kaftin yakan sallame shi zuwa baya, a kai wa wanda ya fi kowa shekaru ya raba. Malam Habu ne mai rabon. Da yake rabinmu Musulmi ne, tun makon farko muka yi magana ni da shi: duk abin da ke da giya ko naman alade ni zan tsare shi, ba zai ƙetare ƙofar kicin ba. Saboda haka in tire ya iso gabansa, ba ya shinshinawa, ba ya juyawa. Abin da kawai yake son ji shi ne ni na sallamo. Shekara uku muna haka, ya ɗora mini addininsa da na mutanen da ke binsa sallah, ni kuma ina ɗauke da shi ba tare da na san nauyinsa ba.

Ana nan sai Oga manaja ya tara mu ya ce wani Bature mai gonar inabi a ƙasarsu zai zo ya yi taron ɗanɗano, wato a zaunar da baƙi a koya musu wace giyar inabi ce ke tafiya da wane cakulan. Za a gayyato jakadu da manyan ma'aikatan gwamnati da suka taso. Wallahi da na ji, dariya na yi a raina. Na ce mutane sun ƙoshi, har sai an koya musu shan alewa.

Amma da Baturen ya zo ya kwana biyu yana koya mana, na ga abin aiki ne mai ƙa'ida. Giya kala biyar, cakulan kala biyar, ana farawa da mai sauƙi a ƙare da mai nauyi. Ba a cika kofi, ɗan kaɗan ake zubawa a gindi, abin da a gidajenmu za a kira rowa. Baƙo zai riƙe kofin ta ƙafarsa, ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya ɗora cakulan a harshe ya bar shi ya narke, ba taunawa. Tsakanin kala da kala a kurkure baki da ruwa, a ci ɗan busasshen burodi. Har da bokitin tofarwa a gefen kowane tebur. Ya sa muka cire wa cakulan ɗin takardunsu duka muka jera a tire, don kada baƙo ya karanta suna kafin harshensa ya yi hukunci. Da ya zo kan na huɗu sai ya fasa ɗaya ya nuna mini. Wani ruwa ne a ciki mai kauri kamar zuma. Ya ce barasa ce mai ƙarfi, an dafa ta da sukari. Rubutun katan ɗin ba Turancin da muka sani ba ne, don haka in ba ni da manaja ba, babu wanda ya san wannan.

Na duba jerin baƙi na ga alhazai kusan goma sha biyu, waɗanda aka tanadar musu ruwan inabi marar giya amma cakulan iri ɗaya da na kowa. Na sami Oga a ofis na faɗa masa.

Ya ce, "Kaftin, ɗan ɗigo ne fa. Wa zai sani?"

Na ce, "Oga, ni na sani."

Ya ce ina son in koya masa aiki ne? Raina ya ɓaci, ni dama ba na iya haɗiye magana. Na ce masa a ƙauyenmu, in ubana zai yanka akuyar Kirsimeti, sai ya aika a kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka, don kada a kai wa wani gida abincin da ba zai iya ci ba. Ni ba zan miƙa wa mutum abin da ya haramta wa kansa in tsaya ina yi masa murmushi ba. Daga ƙarshe Oga ya ce in yi yadda na ga dama, amma in Baturen ya yi fushi, ni zan amsa.

Baturen bai yi fushi ba. Ya ba ni wani cakulan mai gyaɗa a madadin na huɗu. Na sa wa teburan alhazan adiko shuɗi, sauran fari, na tsaya da kaina ina kallon kowane faranti. An fara da ƙarfe goma sha biyu, aka tashi wajen biyu da rabi, komai ya tafi sumul. Har wani babban sakatare ya ji labarin abin da na yi, ya kira ni ya ba ni hannu a gaban mutane, ya ce Allah ya yi mini albarka. Oga da ya ce ina koya masa aiki, shi ne yake dafa kafaɗata yana nuna ni.

A nan ne fa kaina ya kumbura. Ana ta kirana a ɗauki hoto da Baturen, sai ɗaya daga cikin wetocina ya zo ya ce cakulan ya ragu tire biyu, ya za a yi da shi? Ban ko juya ba. Na ɗaga hannu na ce, "Ku kai baya." Duk kalolin an haɗe su wuri ɗaya, ba takarda, duk baƙaƙe, duk kusan girma ɗaya.

Sai bayan la'asar na samu na zagaya baya. Na tarar da su a inuwar nan sun idar da sallah, ana ta raha. Malam Habu yana zaune a kan benci, bakinsa na motsi. Da ya gan ni ya washe baki.

Ya ce, "Ɗan masu gari, yau ka ciyar da mu abin manya. Amma wannan mai zuma a ciki ya fi duka. Yana da ɗan zafi a maƙogwaro, kamar an sa citta."

Na dubi tire, babu ko ɗaya. Ya zaro wani farin hankici daga aljihu ya nuna mini, ya ce ya tsince masu zuman guda shida zai kai wa tsohuwarsa, tunda ba ta da haƙora, wannan zai narke mata a baki.

Mama Rifkatu, shugabar masu girki, tana tsaye kusa da ni. Cocinmu ɗaya, kuma ita ma ta ci, harshenta ya gane abin da ke ciki. Ta ja ni gefe ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

Ta ce, "Ishaku, ka rufe bakinka. Aikin gama ya gama. Bawan Allah nan shekara nawa yana tsare kansa? In ka faɗa, me za ka gyara? Zuciyarsa kawai za ka ƙona."

Ba zan ɓoye muku ba, na so maganarta. Ba tausayinsa kaɗai ba ne, kunya nake ji. Ni da aka gama yabo a zaure saboda alhazai masu manyan riguna, in zo in ce na manta da wanda muke cin tuwo kwano ɗaya? Na koma ciki na kama goge kofunan da an riga an goge. Kusan awa ɗaya ina haka. Abin da ya hana ni sakat shi ne hankicin nan. Wanda aka haɗiye ya wuce, amma guda shida suna aljihu, za su Zuba, kuma wannan karon da sanina za su je.

Ƙarfe biyar motar ma'aikata take tashi. Na fito da gudu na tarar ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Na ce, "Malam, don Allah sauko, magana ɗaya." Ya sauko, muka matsa gindin katanga. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce mai zuman nan ba zuma ba ce, barasa ce, na sani tun shekaranjiya, na tsare wa baƙi, na manta da ku.

Fuskarsa ta sauya, ya yi salati a hankali. Ya je famfon da ke wurin ya kurkure baki, ya sake, ya sake, alhali shi ma ya san babu sauran abin da zai fita. Direba yana ta hon. Malam Habu ya dawo ya miƙo mini hankicin da duk abin da ke ciki.

Ya ce, "Ni Allah ba zai kama ni da abin da ban sani ba. Amma da hannuna na raba wa mutum tara, suka karɓa don ni ne na ba su." Sannan ya ƙara da cewa, "Na gode da ka faɗa. Da ka bari tsohuwa ta ci, da ban san yadda zan dube ka ba."

Ya hana ni zuwa wurin sauran. Ya ce shi ya raba, shi zai faɗa. Ya shiga motar, ina tsaye ina hangensa ta taga yana bin su kujera kujera, dattijo mai furfura yana ba yara haƙuri a kan laifina. Na yi aikin otal shekara talatin da ɗoriya, an zage ni, an watsa mini miya a riga, amma ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar wannan yammacin ba.

Ba a kai maganar ofis ba, ba wanda ya ba ni takardar gargaɗi. Ranar Litinin Malam Habu ya ajiye rabo, ya ce a ba wani. Na roƙe shi, ya ce ya yafe mini tun a mota, amma ba zai ƙara miƙa wa mutane abin da bai gani da idonsa ba. Muka ci gaba da zumunci. Ya zo sunan 'yata, na je jana'izar tsohuwarsa. Tsokanar ma ba ta tsaya ba. Abu ɗaya ne ya canja: ko goro na miƙa masa a leda, ko shayi na haɗo masa, sai ya riƙe ya tambaya cikin ladabi, "Ishaku, me ke ciki?" Ba da gatse ba, ba da fushi ba. Shekara tara yana tambaya har ya yi ritaya, ni kuma ina amsawa, don ni na jawo.

To ku da kuke shiga aikin yanzu, za a koya muku riƙe tire da jera kofuna da yadda ake karanta fuskar baƙo, kuma za ku iya, ba wuya. Abin da ba a koyarwa shi ne, wannan sana'a tana juya idon mutum zuwa gaba, wajen masu kuɗi da masu yabo, har ya manta akwai mutane a bayan ƙofar kicin da suke ci daga hannunsa su ma. Baƙo in ka yi masa kuskure zai kai ƙara, a kira ka ofis, a gama. Na bayanka ba zai kai ƙara ba, yarda ce kawai zai janye, kuma ba manajan da zai sa hannu a dawo maka da ita.

Malam Habu ya rasu a Zuba shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Na je na zauna a bakin layi har aka kai shi. Jikokina suna yi mini dariya a gida, wai Baba ko ruwa zai ba mutum sai ya ce ruwa ne. Ina barinsu su yi dariyarsu. Ba na son a sake kai ni inda mutum zai tambaye ni.